Amsa ga ƙanen da ya ce na bar mota na hau jaki

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar Asabar, a taron ɗaliban kwamfuta da kuka gayyace ni, ka miƙe a gaban jama'a ka ce: "Malam, mun ji ka kwashe rubuce-rubucenka ka kai wani wuri wai shi Gemini, ga shi kuma kana ta yabon Gopher. Wannan ba barin mota ba ne a hau jaki?" Aka kwashe da dariya, har da ni. Mai gabatarwa yana ta nuna mini agogo, sai na ce zan amsa maka a rubuce. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan amsar za ta same ka.

Bari in fara kawar da ruɗani: Geminin da nake nufi ba ta Google ba ce, suna ne kawai ya zo ɗaya; ita da Gopher hanyoyi ne na ajiye rubutu da karanta shi a intanet, daban da yanar gizo. Kuma ba zan fake da cewa da tsohuwar zuma ake magani ba, don wannan Geminin a watan Yunin 2019 aka fara ta, ƙanenka na firamare ma ya girme ta. Gopher ce tsohuwar.

Mun saba haɗa intanet da yanar gizo kamar abu ɗaya ne, alhali intanet ita ce titin, yanar gizo kuwa ɗaya ce cikin ababen hawan da ke bin sa. Kowane abin hawa da ƙa'idarsa, wato yarjejeniyar yadda kwamfuta biyu za su yi magana su fahimci juna. Ƙa'idar da ke kai maka saƙon imel tun 1982 aka rubuta ta. Ta hira a rubuce, IRC, wani ɗalibi ne, Jarkko Oikarinen, ya ƙirƙiro ta a Jami'ar Oulu ta Finlan a 1988, kuma har gobe masu haɗa manhajoji suna taruwa a kanta.

Labarin Gopher shi na fi so ka riƙe. A 1991 ta fito daga Jami'ar Minnesota a Amurka, a hannun wata tawaga da Mark McCahill ya jagoranta. Jerin zaɓi ne kawai: ka shiga wannan layin ya kai ka wani jerin, ka shiga wancan ya buɗe maka takarda. Jami'o'i da ɗakunan karatu suka rungume ta, har ta sha gaban yanar gizo na ɗan lokaci. Sai a Fabrairun 1993 jami'ar ta sanar cewa za ta fara karɓar kuɗin lasisi a kan manhajarta. Jikin mutane ya yi sanyi. Ranar 30 ga Afrilu na shekarar, cibiyar binciken kimiyya ta CERN, inda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo, ta saki yanar gizon kyauta ga kowa. A shekarar dai burauzar Mosaic ta bazu, mai nuna hoto da rubutu a shafi ɗaya. Kafin Minnesota ta saki tata manhajar kyauta a 2000, kasuwa ta riga ta watse. Ka ga abin da ya ɗaga yanar gizo tun farko, rabinsa ado ne, rabinsa kuwa rashin mai karɓar haraji a bakin ƙofa. Yau kuma galibin zaman da muke yi a kanta, a harabar kamfanoni 'yan ƙalilan muke yin sa.

Gemini wani ne mai laƙabin Solderpunk ya fara ta, kuma da gangan ya ƙuntata ta. Na'urarka ta aika layi ɗaya, adireshin abin da kake so, sabar, wato kwamfutar da ke ajiye da shafin, ta miƙo maka shi, a katse layi. Shi ke nan. Babu kukis, 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a na'urarka, da za su bi sawunka, babu JavaScript, lambobin da shafi ke sa na'urarka ta gudanar, babu bidiyon da zai tashi da kansa yana shan datarka. Kowace mahaɗa tana layinta daban. Ta fi Gopher da abu biyu a wurina. Na ɗaya, dole ne a ɓoye saƙo tsakaninka da sabar, mai leƙe a hanya ba zai karanta ba. Na biyu kuma shi ya ja ni a matsayina na mai rubutu da Hausa: tsarin haruffanta UTF-8 ne, mai ɗaukar baƙaƙen harsuna daban-daban, don haka ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa da lanƙwasarsu. Gopher an haife ta a zamanin da baƙaƙen Turanci kawai ake lissafi da su, ba ta da hanyar sanar da irin haruffan da ke cikin takarda, sai ka rubuta "ƙasa" wata manhajar ta nuno maka tarkace.

Ga kuma lissafin aljihu. Matsakaicin shafin yanar gizo a yau ya haura megabait 2. Wannan wasiƙar, in rubutu ce zalla, ba ta kai kilobait 10 ba. Wato kuɗin buɗe shafi guda ya isa ka karanta irinta sama da 200. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ba na jin wannan ƙaramar magana ce ga ɗalibi.

Kai ma fa kana hawan jakin nan. Ranar da manhajar banki ta tsaya tana ta juyi, me kake yi? Ka danna tauraro, ka sa lambobi, ka rufe da hash, kuɗi su tafi. USSD ke nan. Ba ma ta intanet ba ce, tsohuwar dabara ce ta layin GSM, rubutu zalla, tana aiki a 'yar rakani-kashi. Takan yi nata tutsun, amma ban taɓa jin ka kira ta ci-baya ba.

Yanzu inda kake da gaskiya, kuma ba kaɗan ba. Hajiyarmu ba ta karanta boko, da saƙon murya take zumunci a WhatsApp, Gemini ba ta da abin da za ta ba ta. Telan da ke baje ɗinkunansa a hoto, da mai sayar da turaren wuta da ke samun ciniki ta bidiyo, duk wanda ya ce su koma can ya cuce su. Chrome ba ya buɗe Gemini, sai ka sauke manhaja ta daban irin Lagrange, Firefox ma ya daina buɗe Gopher tun 2011. Mutanen da ke ciki kaɗan ne, yawancinsu da Turanci suke rubutu, kuma hirar kwamfuta ta yi musu yawa har takan gundure ni. Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa maganin katse sadarwa ce. Da aka kashe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, ba mota ba jaki, titin ne baki ɗaya aka rufe.

Abin da take magancewa daban ne. Da gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ƙofa ɗaya aka rufe, duk wanda ya tara jama'arsa a bayanta ya tsaya cirko-cirko. Da Google ya rufe manhajarsa ta Reader a 2013 kuwa, ƙa'idar RSS da take aiki a kanta, wadda ke tattaro wa mutum sababbin rubuce-rubucen shafukan da yake bi, ba ta mutu ba, mutane suka ɗauki jerin jaridunsu suka koma wasu manhajojin, domin RSS ba ta kamfani ɗaya ba ce. Wannan bambancin nake bi.

Saboda haka ban bar mota ba. Kullum ina kasuwa tare da ku, a can nake ciniki, a can nake jin labarin gari. Amma ba a kasuwa mutum yake ajiye hatsinsa ba. Rubutun da nake so ya kai shekara ashirin yana nan, na kai shi rumbu, a wata tsohuwar kwamfuta da batirinta ya daɗe da mutuwa. In dare ya yi na buɗe Lagrange ina karatu, ba abin da ke ƙyalli a gefe yana kirana, in na kai ƙarshen shafi kuma shafin ya ƙare.

Ka ce kana da tsohuwar laftof da ka jingine a gida. Kawo ta ranar Asabar bayan la'asar mu ɗora mata sabar, ba zai ci mana awa ɗaya ba. Ka zo da rubutunka na farko, da Hausa, ka sa wa baƙaƙen lanƙwasarsu. Ka gaishe mini da abokan da suka fi kowa dariya.

Wassalam,
Yayanka kuma malaminka