Sanarwa ga ƴan ƙungiyar masu noman lambu

Salam ƴan uwa, barkanmu da aiki. Kamar yadda muka yi bara, bana ma ƙungiya za ta haɗa kuɗi a sayo taki da iri da maganin feshi a sari, yafi sauƙi sosai akan kowa yaje kasuwa shi kaɗai. Masu tumatir don Allah ku dinga duba ƙasan ganye, wannan tsutsar sharon da ta cinye mana gonaki a 2016 bata tafi ba fa, in ka ganta ka faɗa a nan da wuri. Batun mota zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas kuma, wanda ke son a haɗa lodi da shi yayi magana, kuma kiret, wato akwatin roba na zuba kaya, za mu yi amfani da shi saboda kwando yana matse kaya kafin a isa Legas. Masu bashin kuɗin wata kun san kanku.