Baba Ya Tafi, Tabarmarsa Tana Nan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in tuna da mahaifinmu, wanda Allah Ya yi wa rasuwa kwana arba'in da suka wuce.

Mu 'ya'yansa mun sha faɗa a hannunsa, amma jikoki suka zo suka narkar da shi. Yaro zai cire masa hula, ya ja gemunsa, shi kuwa sai dariya, yana cewa a ƙyale abokinsa. Da mu ne, da mun ji a jika!

Ba a taɓa maido mai neman taimako daga ƙofarsa ba. Har yau ƙaramar jikarsa takan leƙa ɗakin da asuba ta gaishe shi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Naku,
Ɗansa na fari