Maganar kayan sautin da ka aiko in saya maka

Landan, daren Lahadi

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka gaishe min da Hajiya, ka ce ina tambayar ƙafarta.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon waya, don maganar kuɗi ce, kuma kuɗin amana. Shagon nan da na yi odar kayan situdiyonka ya durƙushe. Sati uku ina jiran a kawo, kullum sai su ce kaya na hanya. Ranar Asabar na wanke ƙafa na je da kaina, na tarar da ƙofa a garƙame, an liƙa wata farar takarda a gilashi cewa an damƙa kamfanin hannun akantocin da za su sayar da kadarorinsa su biya basussuka. Na leƙa, ga lasifikoki jere a kan kanta, har da irin taka. Wallahi na fi minti goma a tsaye, hannuna na riƙe da rasit.

Kada hankalinka ya tashi, mafi yawan kuɗin zai dawo insha Allahu. Na'urar haɗa sauti da makirfo biyu, fam 780, da katin bashi na biya. Ka san ba na son katin nan, ina biyansa ne tun kafin wata ya ƙare don kada ruwa ya hau. To ga shi yau ya yi rana. A nan Birtaniya akwai dokar bashin masu saye ta 1974, sashe na 75 ya ce idan kuɗin kaya ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, kuma ka biya da katin bashi, to bankin da ya ba ka katin yana da alhaki daidai da na mai shago. Mai shago ya kasa kawo kaya, banki zai biya. Na tura musu rasit da saƙonnin da muka yi da shagon da hoton takardar nan ta ƙofa. Idan suka yi taurin kai ko suka ja ni har sati takwas, akwai ofishin sasanta ƙorafin harkokin kuɗi, kyauta ake kai ƙara.

Wayoyi da ƙananan tarkace, fam 60, da katin cire kuɗi na biya. Wannan doka ba ta shafe su ba, amma banki na iya janyo kuɗin daga bankin shagon in an nema cikin kwana 120. Na riga na cike takardar.

Inda gizo ke saƙa shi ne lasifikokin nan biyu. Mai shagon ya ce zai rage min fam 40 idan na tura kuɗin kai tsaye ta asusun banki. Na ga rangwame, na ce bari in rage maka nauyi, na tura fam 520. Kuɗin da aka tura haka ba shi da wata kariya. Yanzu na shiga layin masu bin bashin da ba su riƙe jinginar komai ba, kuma mu ne a can ƙarshe. Sai masu jingina sun ɗauka, an cire ladan akantocin, an biya ma'aikata wani ɓangare na albashinsu, hukumar haraji ta karɓi nata, sannan a waiwaye mu in an ga saura. Sau da yawa 'yan kwabbai ake samu a kan kowane fam, bayan shekara ko fiye. Abin da ya fi ci min rai, daga baya na gane cewa ko fam ɗaya na kafin alƙalami na biya da katin bashi, da dokar ta ba kuɗin kariya gaba ɗaya.

Na tambayi akantocin ko zan iya ɗaukar lasifikokin da na gani, tunda na biya. Suka ce sai in an riga an ware su da sunana, kuma ba a ware ba. Duk da haka na aika musu takardar shaidar bashi, don kada sunanmu ya fita daga lissafi.

Fam 520 ɗin nan a wuyana yake. Ni na yanke shawarar ban tambaye ka ba, don haka kada ma ka fara cewa a raba asara. Na san halinka. Zan biya kashi biyu, ƙarshen wannan watan da na gaba.

Da zarar banki ya maido na katin zan sake yin odar a wani shagon da kayan ke ƙasa, in ɗauko da hannuna. Ka faɗa min ko har yanzu makirfo irin na farko kake so, don na ga wani da ya fi dacewa da ɗaukar karatu da waƙe. Akwai ɗan'uwa da zai taho gida bayan sallah, zan ba shi ya riƙo maka.

Ka gaida yaran situdiyo, ka ba su haƙurin jinkirin.

Naka,
amininka na Landan