Gadar ɗagawa a ƙaramin layin dogo: matsalar tana hinjis da waya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili don amfanin malaman fasaha da ɗalibai masu haɗa samfurin jirgin ƙasa a makarantu. A Sakkwato abin yana da daraja, tunda layin dogo bai iso garinmu ba. Wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya ne a Ƙauran Namoda tun 1929, don haka yaro da yawa a kan tebur zai fara ganin yadda jirgi ke hawa dogo. Wurin da aiki ya fi lalacewa shi ne bakin ƙofa: layi ya zagaye ɗaki, dole a yi gadar da za a ɗaga mutum ya wuce, a mayar jirgi ya bi.

Bari mu ɗauki sikelin HO, wanda ya rage komai sau 87, tsakanin dogo da dogo milimita 16.5. Ƙofar ɗaki kan kai santimita 90. A yanka filawud mai kaurin milimita 12, faɗin santimita 15 ya ishi layi ɗaya. Shi kaɗai zai lanƙwashe a tsakiya, sai a kafa masa katako biyu a tsaye, dama da hagu, masu tsayin santimita 6, da gam da sukuru. Su ne ƙashin bayan gadar, su ne kuma ke tare taragon da ya goce. Kafin a ɗora komai a shafa fenti sau biyu a kowace fuska har da bakin yanka, domin katakon da aka auna a watan Agusta yana cike da laima, hunturu na zuwa zai tsuke ya bar giɓi.

Hinjis ne ke kayar da kafintoci masu kyau, don sun saba kafa shi a ƙasan katako. Idan sandar hinjis tana ƙasa da saman dogo, da an ɗaga gada bakin dogonta zai komo baya ya tokari na tebur, ko ya lanƙwashe ko ya ɓalle daga silifa, wato 'yan gungumen da ke gicciye a ƙarƙashin dogo. Sai a kafa ƙananan katako biyu a gefen layi, kowane ya nisanci tsakiyar layin da santimita 3 ko fiye, a ɗora hinjis a kansu yadda sandar za ta ɗara saman dogo da kamar santimita 1. A nan gada za ta tashi ta janye daga tebur. A duba hinjis tun a kasuwa: wanda ke girgiɗi a hannu ba na wannan aiki ba ne, ko da ya fi araha.

A ɗaya bakin, inda gada ke sauka, a yi mata mazauni da sukuru biyu masu faɗin kai waɗanda za a riƙa murɗawa don daidaita tsayi idan yanayi ya juya, da ƙaramar sakata da za ta hana ta motsi gefe. Kada a yanka dogo tukuna. A shimfiɗa layin a miƙe ya haye gadar gaba ɗaya, a cire silifa biyu a kowane gefen mahaɗa, a murɗa ƙananan sukuru na tagulla a ƙarƙashin kowane dogo, a liƙe su da dalma. Sai dalma ta huce a yanka da zarto mai siririn haƙori, a bar giɓin kamar milimita 1, a ɗan goge cikin bakin da magagari. Giɓin nan ba ado ba ne: a zafin Afrilu mita ɗaya na dogo kan ƙaru da kusan sulusin milimita, kuma dogon da ya rasa wurin miƙewa gefe yake karkata.

Sai waya, wadda ita ce dalilin wannan wasiƙa. Wasu kan ba gada wuta su tsaya nan, alhali layin da ke tunkarar ta yana da rai ko gada na sama. Kan jirgi ya zo ya faɗa siminti, shi ke nan. Maganin shi ne a yanka dogo ɗaya, na gefe ɗaya, a nisan santimita 60 kafin kowane bakin gada, a cusa ɗan roba a giɓin da gam don kada ya sake haɗewa. Yankunan nan biyu da dogon gada na wannan gefe duk su sha wuta ta makunni guda, irin ƙaramin nan mai harshe da ke ƙofar makirowef, masu gyaran kayan lantarki suna da shi. Yana da ƙafa uku, sunayensu COM, NO da NC. Wayar da ta fito daga taransifoma ta shiga COM, wadda za ta tafi dogo ta fita daga NO. Wanda ya sa NC ya juya aikin: wuta za ta zo ne lokacin da gada ke sama. Ɗaya dogon a ba shi wuta kai tsaye.

Makunnin ya zauna inda sakata za ta danna shi, ba nauyin gada ba, don gada na iya sauka ba ta daidaita ba. Mun fifita shi a kan farantan tagulla masu taɓa juna, saboda ƙurar hunturu kan kwanta a kansu wuta ta riƙa yankewa. Babbar waya ta zama mai kaurin murabba'in milimita 1.5, wadda za ta haye hinjis kuma ta zama mai silli-silli, a bar mata lanƙwasa, domin mai ƙarfe guda karyewa take a cikin roba ba a gani. Wayar ɗaya bakin a bi da ita ta saman ƙofa. Duk wannan wutar bolt 12 ce, ta gida kada ta kusanci teburin.

Santimita 60 ɗin ma na jirgin da kansa ke gaba ne. Idan ana tura taragu da baya, za su riga kan jirgi isa ramin, don haka yankin da ke mutuwa sai ya kai tsawon jirgin duka. A gwada da mitar auna wuta: gada a sama, kada a ga komai tsakanin dogo biyu a kowane gefe.

Wassalam,
Wasu malaman koyar da aikin lantarki da kafinta,
Sakkwato.