Zuwa Ga Uwata, Kan Labarin Da Ya Tsaya

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya ke da maigidanki da yara, da kuma zafin Gombe. Mu nan Bauchi sai godiyar Allah.

Mahaifiyarki ta shaida mini labarin da kike rubutawa ya tsaya cak tun bayan Babbar Sallah, har kin fara cewa ƙila dama ba ki da baiwar. Wannan magana ta dame ni, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto miki, don a waya ba a ƙarasa irin wannan zance.

Baiwa kam kina da ita. Na karanta babi ukun farko, kuma matar nan mai sayar da fura a tasha har yau ina jin muryarta. Abin da ya same ki shi ne kin yi wa kanki alkawarin da ilhama ba ta san da shi ba. Kin buɗe zaure a WhatsApp, mutane sun biya kuɗi, kullum bayan isha suna jiran shafi. Ranar da abin ya zo da ranar da bai zo ba, dole ki tura. To ƙwaƙwalwar marubuci rijiya ce: idan aka yi ta jan ruwa ba hutu, guga sai ta fara kawo laka, kuma maganin wannan a ƙyale ta ta tsatso. Na lura daga babi na bakwai mutanen labarinki sun daina magana irin tasu, sun koma faɗin abin da zai cika shafi. Haɗarin mota biyu a babi ɗaya, Uwata! Wannan alamar gajiya ce.

Ki faɗa wa masu karatunki gaskiya, ki nemi mako uku ko huɗu. Wanda ya ce a mayar masa da kuɗinsa ki mayar masa, in babu ki gaya mini. Nan gaba kada ki fara sakin labari sai kin rubuta aƙalla rabinsa kin ajiye.

Idan kuwa ilhamar ta zo, ki karɓe ta a lokacin. Ba ta sallama, kuma ba ta zaɓen lokacin da kike zaune da biro. Takan zo kina tankaɗe, ko kina cikin Keke Napep za ki Pantami, ko bayan asuba kafin yara su tashi. Ki ajiye ƙaramin littafi kusa, ko ki naɗi muryarki a waya, ko da jimla biyu ce. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Kuma a wannan lokaci kada ki tsaya gyara. Kada ki damu da ƙa'idar rubutu, ko sunan da ya dace da kishiyar, ko abin da surukarki za ta ce in ta karanta. Ki zuba kawai. Gyara yana da ranarsa, kuma ranarsa ita ce wadda kika tashi ba ki jin komai a ranki. Ranar nan ki koma kan abin da kika zuba, ki yanke, ki daidaita. Ta haka babu ranar da za ta tafi a banza, kuma ba ki tilasta wa kanki ƙirƙira ba.

Akwai abin da na fi so ki riƙe. Kin yawaita karanta labaran takwarorinki a waya, har gidajen labarinki sun zama na Abuja da Dubai, wuraren da ba ki taɓa kwana ba. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garinmu, yana ɗan kimanin shekara 20 aka sa gasar rubutun Hausa ta 1933 daga Zariya, ya rubuta Shaihu Umar, aka buga a 1934. Bai je nesa neman abin faɗa ba. Ya zaunar da mai ba da labarinsa a Rauta, kusa da Bauchi, ya ɗauko zancen bauta da uwar da ta bi sawun ɗanta har cikin Sahara. Turawa sun ci Bauchi a 1902, ke nan a lokacin da yake rubutu akwai tsofaffi da yawa da suka ga wancan zamani da idonsu. Abin da ke kusa da shi ya duba, ga shi har yau ana karantawa.

Ke ma kina da naki. Kakarki Hajiya tana nan da ranta, ta san yadda aka yi auren dole a danginmu da yadda wasu suka tsere masa, kuma in kin zauna da ita ba za ta ɓoye miki ba. Ki je babbar kasuwar Gombe ba don sayayya ba, ki tsaya wajen masu awon hatsi ki ji yadda ake ciniki da rantsuwa da zolaya. Ki saurari matan da ke jiran layi a asibiti. Mutum ba ya faɗin damuwarsa kai tsaye, yakan kewaya, kuma a wannan kewayen ake samun labari. Amma amana ce: ki sauya suna da gari da kamanni, kada ki tona asirin kowa.

Ki kuma kula da barcinki. Mai shayarwa da ke kwana kan waya har ƙarfe biyu ba za ta tashi da kai mai ƙirƙira ba. Ki yi addu'a kafin ki fara, Allah ne mai buɗa ƙirji.

Tun 2016 Sashen Hausa na BBC yake shirya gasar Hikayata ta mata zalla. Ina ganin labarin mai furar nan, in kin cire shi daga cikin dogon, kin taƙaita shi, zai iya tsayawa da ƙafarsa a can. Ki gwada idan an buɗe. In kin gama, ki buga a takarda ki ba direba a tasha ya kawo mini, idona ba ya jure karatun waya yanzu.

Ki gaida maigidan naki, ki shafa mini kan yara. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
daga Bauchi.