Madarar gwangwani ba ta hana illar tina

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan mu masu fentin mota da masu feshin kujeru. Shekarata goma sha ɗaya a wannan sana'a, kuma tun ina yaron shago abin da aka koya min shi ne in ka gama feshi ka fasa gwangwanin madara ka shanye, wai tana wanke ƙirji. Wallahi ba ta wanke komai, madara ciki take tafiya, tururin tina kuwa, wato ruwan da muke tsinka fenti da shi, huhu yake shiga daga nan ya bi jini.

Wannan ƙamshin mai kama da ayaba da kake ji in an buɗe galan ɗin tina ko kiliya (fentin ƙyalli marar launi da ake fesawa a ƙarshe), yawanci wani sinadari ne da ake kira butyl acetate. Daɗin ƙamshin ne ma yake yaudarar mu. Yana sa ido ya yi ja yana ruwa, maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi, ga ciwon kai ga jiri, in ya yi yawa mutum ya ji kamar ya sha wani abu. Akwai yarona ɗan shekara sha shida, ranar mun rufe ƙofa da leda saboda ƙurar hunturu kar ta ɓata mana bonet, muna kan shafi na biyu kawai na ga ya jingina da bango ya sulale ƙasa, sai da muka fito da shi waje muka yi ta masa fifita. Laifina ne, ni na ce a rufe.

A Amurka hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki ta yanke cewa kar sinadarin nan ya wuce kashi 150 cikin miliyan na iskar da ma'aikaci ke shaƙa a awa 8, Tarayyar Turai kuma tun 2019 ta sa 50 a matsayin ma'aunin da ƙasashenta za su yi la'akari da shi. To mu wa ya taɓa zuwa da na'ura ya auna mana? Ga dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 nan a rubuce, amma ni dai ban taɓa ganin jami'in ma'aikatar ƙwadago a garejinmu ba.

Kuma takunkumin asibiti irin na lokacin korona ko hankici da muke ɗaurawa ba sa tare tururi, sai mai gwangwani biyu da gawayi a ciki, shi ma in ka fara jin wari ta cikinsa to ya mutu sai an canza. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma sigari ɗaya ta isa ta tayar da gobara. Wanke hannu da tina shi ma mu daina, shi ke fasa mana fata.

Ina roƙon ku turo wakilinku ya zagaya garejoji ya gani da idonsa, ku ogogi kuma kuɗin madarar nan a tara a sai wa yara takunkumi na gaske.

Naku,
Wani mai fentin mota daga Kaduna