Baba Soja da aka yi wa sadakar arba'in yana raye

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili.

Duk 15 ga Janairu muna ganin manya a talabijin suna ajiye furanni ana sakin tattabaru don tunawa da 'yan mazan jiya, ni kuwa ranar wani dattijo nake tunawa a layinmu a Fagge, Baba Soja muke ce masa, Allah ya jiƙansa.

A yaƙin basasa yana cikin runduna ta 2 ta Murtala Muhammed da ta yi ta ƙoƙarin tsallaka kogin Neja daga Asaba zuwa Anaca a Oktoban 1967, aka yi asarar sojoji sosai, shi a can 'yan Biyafara suka kama shi, bai ga gida ba sai da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970. Ya ce mana duka bai dame shi ba kamar yunwa, don masu gadinsu ma yunwar suke ji tunda an toshe musu hanyoyi, rogo ne da ganye, gishiri kuwa sai dai a mafarki. Akwai wani yaro cikin masu gadin da ke gutsuro masa nasa rogon a ɓoye, shi ya sa har ya mutu ba ka isa ka zagi Ibo a gabansa ba, sai ya ɗaga maka sanda.

Da ya dawo Kano ya tarar an yi masa sadakar arba'in, matarsa ta yi takaba ta yi wani auren har da goyo. Bai tayar da rigima ba wallahi, ya yi gadi a wani kamfani a Bompai, daga baya ya kasa goro a ƙofar gida, maganar fansho kuwa ya sha zirga-zirga da takardu a leda har ya haƙura.

Roƙona ga ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da ku 'yan jarida, tsoffin sojojin yaƙin da suka rage yanzu sun doshi shekara 80, ku shiga unguwanni da waya ku naɗi muryarsu. Mu muna yara mun ɗauka tatsuniya yake mana, dariya ma muke in ya ciro ƙullin gishirin da ba ya rabuwa da aljihunsa.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano